Lambar intanet don karɓar kod: abin da za ka duba kafin ka damƙa mata asusunka

Sabuwar waya ce a hannunsa, ya saye ta a kasuwar Ajame bayan wata takwas yana tura baro a Abijan. Ya sauke WhatsApp, ya rubuta tsohuwar lambarsa ta gida mai farawa da +227, manhajar ta ce ta aika masa lambobi shida ta SMS. Ya zauna yana kallon waya. Minti ɗaya, minti biyar, babu abin da ya shigo. Sim ɗin da saƙon zai sauka a kansa yana can Tasawa cikin aljihun wata tsohuwar riga, ko kuma ya daɗe da mutuwa har kamfani ya ba wani lambar. Rukunin ƴan garinsu, masu nemansa da aiki, ƙannensa da ba su san shi da wata lamba ba, duk suna bayan ƙofar da waɗannan lambobi shida kaɗai ke buɗewa.

Duk wanda ya taɓa tafiya bida ya san wannan labari. In bai faru da shi ba, ya faru da wanda suke kwana ɗaki guda. Shawarar da ake bayarwa kuma kusan ɗaya ce daga Abijan har Tamanraset: a sayi lambar intanet. A gida ma maganar ta shiga fada-fada. A Yamai da Maraɗi da Damagaram matasa na neman lambar Amurka ko ta Faransa don buɗe asusun TikTok mai biyan kuɗi, ko don yin rajista a wani dandali da bai san da zaman +227 ba, ko kuma kawai don mai saye ya ga +1 a gaban lambar mai sayar da turare. Masu sayar da lambobin sun cika Facebook da Telegram, kowa na rantsuwa cewa tasa ce ke karɓar kowane irin kod.

Abin da mai saye ya fi tambaya shi ne farashi, sai kuma ko kod na shigowa da sauri. Akwai tambayar da ta riga waɗannan. Lambar da kake karɓar kod da ita ita ce makullin asusunka, domin duk ranar da ka manta kalmar sirri ko ka sake waya, can za a aika. To a hannun wa makullin yake, kuma nan da shekara biyu zai kasance naka?

Me ake nufi da lambar intanet?

Lambar layinka na Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms tana ɗaure da ɗan katin da ke cikin wayarka. In aka aiko saƙo, sai kamfani ya nemo inda katin yake ta hanyar dogayen ƙarafan rezo ya sauke shi a can. Lambar intanet, wadda masu fasaha ke kira VoIP, ba ta da kati. Tana zaune ne a kwamfutar wani kamfani, can Amurka ko Kanada ko Turai. Saƙo ya fara sauka a wurinsu, sannan su nuna maka shi a cikin manhaja ko a shafin intanet. Shi ya sa take aiki a duk inda akwai intanet, ko babu rezon waya.

Wannan shi ne daɗinta, kuma nan ne matsalarta take. Kamfanin da ke aiko maka kod so yake ya tabbatar akwai wani abu a hannunka wanda babu shi a hannun kowa. Sim yana ba shi wannan tabbaci, ko da ba cikakke ba ne. Lambar da ake buɗewa da imel da kalmar sirri daga kowace kwamfuta a duniya kuwa ba ta nuna komai. A 2017 cibiyar NIST, wadda ke tsara ƙa'idojin fasaha ga gwamnatin Amurka, ta rubuta a fili cewa kada a yi amfani da VoIP ko imel wajen irin wannan tabbatarwa, saboda ba sa nuna cewa mutum na riƙe da wata takamaimiyar na'ura. Bankuna da manyan dandali da yawa suna bin irin wannan tunani.

Ta yaya suke gane lambar intanet? Ba wuya. Yawancin kamfanoni ba da kansu suke aika SMS ba, suna bai wa dillalan saƙo irin su Twilio, Sinch da Infobip. Kafin a aika, ana iya tambayar rumbun bayanai wace irin lamba ce wannan: ta salula, ta wayar girke, ko ta intanet. Amsar na zuwa cikin ƙiftawar ido. In ta ce ta intanet ce, wani dandalin zai gaya maka kai tsaye cewa bai karɓi lambar ba. Wani kuwa zai ce ya aika, ya bar ka kana jira har shayi ya huce. WhatsApp ya rubuta a shafinsa na taimako cewa lambobin VoIP na cikin waɗanda bai yarda da su ba. Eh, akwai waɗanda suka yi nasarar buɗe asusu da irinsu, amma ba a gina kasuwanci a kan sa'ar da aka yi sau ɗaya. Ranar da ka sake waya za a sake neman kod, kuma ba lalle ƙofar ta sake buɗuwa ba.

Akwai kuma maganar kuɗi. Kowane SMS biyansa ake yi, kuma ƴan damfara sun gano yadda za su riƙa sa na'ura tana neman kod dubu-dubu zuwa lambobin da suke samun kaso a kansu. Elon Musk ya yi ƙorafin cewa irin wannan zamba na cin Twitter kusan dalar Amurka miliyan 60 a shekara, kuma daga watan Maris na 2023 dandalin ya daina ba masu asusun kyauta damar tsare asusunsu da SMS. Duk lokacin da aka tsaurara irin wannan, lambobin da ake fara zargi su ne na intanet da na ƙasashen da kuɗin saƙonsu ke da tsada. Mutumin kirki ne ke shan wahalar laifin da bai yi ba.

Na kyauta da na haya

Mafi haɗari su ne shafukan da ke jera lambobi kyauta, ka zaɓi ɗaya, ka ga saƙon da ya shigo. Saƙon da kake gani duk duniya na ganinsa, tare da sunan dandalin da ya aiko shi. Wanda ya zo bayanka zai iya rubuta wannan lamba a Telegram ko Facebook, ya nemi kod, ya karanta shi a shafi ɗaya da ka karanta naka, ya shige asusunka ba tare da ya san ko sunanka ba. Ba sai an tsaya dogon bayani a kansu ba.

Sai na haya, inda ake biyan ƴan kuɗi kaɗan a ba ka lamba ta minti goma sha biyar ko ashirin. Waɗannan sau da yawa kod na shigowa, domin bayansu akwai sim na gaske, ɗaruruwa a jere cikin akwatunan na'ura a wani ɗaki. Amma da lokacin ya cika lambar ta bar hannunka har abada. Ka buɗe asusu, ka tara mabiya, ka tara masu saye, bayan wata shida wayar ta faɗa ruwa, dandalin ya ce ya aika kod zuwa lambar da ko tuna ta ba ka yi. Kuma su wane ne abokan cinikinka a irin wannan kasuwa? A watan Oktoban 2025 ƴan sandan Turai tare da hukumar Europol sun kai samame a ƙasar Latbiya, suka kama akwatunan sim 1,200 da katunan sim kusan 40,000. Hukumar ta ce an yi amfani da wannan shiri wajen buɗe asusun bogi sama da miliyan 49, ciki har da na damfara. Asusun da aka buɗe da lamba daga irin wannan tari yana cikin layin waɗanda za a rufe ranar da dandalin ya tashi shara.

Google Voice da ƴan uwanta

Sunan da ya fi yawo a bakin matasa shi ne Google Voice. Manhaja ce ta gaske, ta kamfani na gaske, kuma kiran cikin Amurka da ita kyauta ne. Sai dai Google ya tanade ta ne ga mazauna Amurka, kuma kafin ya ba ka lamba sai ka tabbatar da wata lambar waya ta can. Wanda ke zaune a Tawa bai da hanyar samunta ta halal. Daga ina ke nan waɗanda ake tallatawa suke fitowa?

Wani ɓangare na amsar yana cikin gargaɗin da hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta fitar a 2021. Ɗan damfara zai ga wani ya sa tallar kujera ko cigiyar karensa da ya ɓata, sai ya tuntuɓe shi ya ce yana so ya tabbatar da mutum yake magana, zai aiko masa kod ya karanto masa. Kod ɗin na Google ne. Da shi sai ya buɗe lambar Google Voice da sunan layin wancan bawan Allah. Ba duk lambar da ake sayarwa ce aka samo ta haka ba, amma mai saye a Kasuwar Dole ba shi da yadda zai bambance. Abin da ya fi wannan kusa da aljihunka: lambar na zuwa ne cikin asusun Gmail da mai sayarwa ya buɗe. Ko ka canja kalmar sirri, shi ne ya san ranar da aka buɗe, da imel ɗin dawo da asusu, da na'urar da aka fara amfani da ita. In ya ga dama ya karɓe abinsa ya sayar wa wani. Ba inda za ka kai ƙara, tunda cinikin kansa ya saɓa wa sharuɗɗan Google.

Ko a hannun mai ita na gaskiya, Google na karɓe lambar da aka bari ƴan watanni ba a kira ko aika saƙo da ita ba. TextNow, kamfanin Kanada da shi ma ke ba da lamba kyauta, ya fi saurin karɓewa, sai in ka biya an kulle maka ita. Lambar da aka karɓe kuma ba jefar da ita ake yi ba, wani ake bai wa.

Wanda ya ɗauka biyan kuɗi ga babban kamfani ya raba shi da damuwa, ya tuna da Skype. Shekara da shekaru mutane na biyan kuɗin lambar Skype, wasu sun buga ta a katin kasuwancinsu. Microsoft, wanda ya sayi kamfanin a 2011 kan dalar Amurka biliyan 8.5, ya daina sayar da sababbin lambobi a ƙarshen 2024, sannan ya rufe Skype ranar 5 ga Mayun 2025. Duk wanda ya ɗaure bankinsa da imel ɗinsa a kan irin wannan lamba sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana canjawa.

Game da TikTok kuwa, a taƙaice: shirin da dandalin ke biyan masu bidiyo kai tsaye yana aiki ne a ƙasashe kaɗan, irin su Amurka, Faransa, Jamus, Birtaniya da Brazil. Lamba kaɗai ba ta mayar da mutum mazaunin can. Ranar cire kuɗi ana neman takardar shaida da hanyar biya ta wannan ƙasa, kuma a nan ne kuɗin mutane da yawa ke maƙalewa.

In dai dole sai an saya

Ba a ce lambar intanet ba ta da amfani ba. Ɗan kasuwar da ke sayo motoci ko kaya daga waje yana buƙatar lambar da abokan hulɗarsa za su kira a farashin cikin gida. Mace mai sayar da kaya a intanet da ba ta son kowane baƙo ya samu lambarta ta gida tana da hujja. Ga irin waɗannan akwai kamfanonin da ke ba da lamba da biyan wata-wata, da sunanka, a asusun da kai ka buɗe da imel ɗinka. Wannan shi ne sharaɗi na farko: kai ka buɗe, daga kamfanin kansa, ba ta hannun wani da kuka haɗu a rukuni ba.

Kafin ka biya, karanta ko lambar na karɓar SMS ma. Da yawa na kira ne kawai. Cikin masu karɓa kuma, duba ko suna karɓa daga gajerun lambobi, masu biyar ko shida, waɗanda bankuna da manyan kamfanoni ke aiko kod da su. Kamfani mai gaskiya zai rubuta maka cewa bai yi alkawarin kod zai shigo ba. Wanda ya ce tasa na karɓar komai da komai, to ka riƙe kuɗinka. Biya na wata ɗaya tak, ka gwada da ainihin dandalin da kake buƙata, domin lambar da ta yi aiki da wannan ba lalle ta yi da wancan ba.

Sai ka nemi inda aka rubuta abin da ke faruwa in biya ya tsaya. Wannan ya fi shafarmu fiye da Bature. Ana biya ne da katin Visa ko Mastercard, kuma mu da yawa da katin da ake loda wa kuɗi muke aiki, ko da katin wani ɗan'uwa. Kati ya ƙare, ko kuɗi suka gaza a ranar cira, kwana nawa za a ba ka kafin a saki lambar? Akwai kuma ƙasashe irin Faransa da Jamus da dokarsu ke sa a nemi shaidar adireshi kafin a ba da wasu lambobin. In ka ba da adireshin bogi, ranar da aka bincika za a yanke ba tare da sallama ba. Daga ƙarshe ka tambaya ko ana iya ɗauke lambar zuwa wani kamfani in ka gaji da su, ko in sun rufe shago.

Bayan duk wannan, ra'ayina shi ne kada ka ɗora mata abubuwa uku: asusun banki ko na aika kuɗi, babban imel ɗinka, da WhatsApp ɗin da iyali ke nemanka da shi.

A kula kuma da eSIM na matafiya da ake talla, irin na Airalo da Holafly. Yawancinsu intanet kawai suke bayarwa, babu lamba, don haka babu SMS. Haka Starlink da ya fara aiki a Nijar a 2025: ya kawo intanet inda babu, amma SMS na layinka ba ta cikinsa yake bi ba. Kana iya kallon bidiyo ba tsayawa a daji, kod kuwa sai ka hau tudu neman rezo.

Tsohon sim ya fi ƙarfin raini

Abin da ɗan bida ya fi buƙata yawanci yana cikin aljihunsa tun kafin ya hau mota. Sim na gida, in an buɗe masa aiki a ƙasashen waje, yana kama rezon kamfanin ƙasar da ka je, kuma a yawancin kamfanonin duniya karɓar SMS a waje ba a cire masa kuɗi; kira da intanet ne ke cinye kiredi. Kusan duk wayoyin Tecno, Itel da Infinix da muke riƙewa gurbi biyu gare su. Na gida a gurbi ɗaya, a kashe masa intanet, na ƙasar da kake a ɗaya gurbin. Ka je ofishin kamfaninka kafin tafiya ka tambayi abu biyu: shin layin zai yi aiki a ƙasar da za ka, kuma wata nawa zai yi ba a loda masa kuɗi ba kafin a yanke shi. Daga nan sai ka sa wani a gida ya riƙa jefa masa ɗan abin da ya samu lokaci-lokaci. Ga masu zirga-zirga tsakanin Nijar da Mali da Burkina Faso, hukumomin sadarwa na ƙasashen uku sun sa hannu a Yamai a watan Nuwamban 2024 kan yarjejeniyar cire kuɗin amfani da layi a tsakaninsu.

Abu mafi muhimmanci shi ne sunan da ke kan layin. Da yawa cikinmu da katin shaidar yaya, ko na kawu, ko ma na mai shagon da ya sayar mana aka yi rajistar sim ɗin da muke riƙe da shi shekara goma. Muddin waya na hannu babu matsala. Ranar da ta ɓata ka je neman a sake maka sim, za a nemi mai sunan. Gyara wannan aikin wuni ɗaya ne in kana gari, aikin da ba ya yiwuwa ne in kana Sabha.

Maƙwabta sun nuna mana yadda abin ke zuwa ba zato. Nijeriya ta fara tilasta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN a watan Disamban 2020, aka yi ta ɗage wa'adi har zuwa Satumban 2024, ana rufe layukan da ba a haɗa ba. Ghana ta yi irin wannan da katin Ghana Card daga Oktoban 2021, ta yanke waɗanda suka rage a ƙarshen Mayun 2023. Baƙon da ya sayi sim a bakin titi da sunan da bai sani ba shi ne ya fara kwana ciki. A Saudiyya da zanen yatsa ake rajistar layi, kuma kod na manhajar Absher a kan lambar Saudiyya da ke da sunanka yake sauka, babu lambar intanet da za ta maye gurbinta. Wani lokaci ma lambar ce ke sauya kama: Kodebuwa ta koma lambobi goma ranar 31 ga Janairun 2021, Benin ta bi sahu a ƙarshen Nuwamban 2024. Wanda bai gyara lambarsa a tsofaffin asusunsa ba yana iya tarar da kod na tafiya inda babu kowa.

Ƴan uwanmu na Greensboro da New York da ke shirin dawowa gida na dogon lokaci suna da zaɓi biyu. Za su iya mayar da lambarsu ta salula zuwa Google Voice da dalar Amurka 20, tun suna can. Amfaninsa lambar ba ta ɓata. Illarsa daga ranar ta zama lambar intanet a idon banki. Ɗaya hanyar ita ce a riƙe layi mafi araha a ɗaya daga cikin ƙananan kamfanonin salula, a kunna masa kira ta Wi-Fi kafin a taso. Da haka SMS na iya iso ka ta Wi-Fi a Yamai, lambar kuma tana nan a matsayin ta salula ta gaske. Ɗaliban da suka gama karatu a Faransa suna yin makamancin haka da layin euro 2 na kamfanin Free, bayan sun buɗe masa zaɓin aiki a waje. Wanda kuma zai sayi iPhone ƴar Amurka ya sani cewa daga iPhone 14 ta 2022 babu gurbin sim a cikin na can.

Rage dogaro da SMS

Hanyar da ta fi kowace kwanciyar hankali ita ce ka rage wuraren da ke buƙatar SMS tun farko. Google, Facebook, Instagram da X duk sun yarda da manhajar samar da kod, irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator. Sau ɗaya ake haɗa ta da asusu, daga nan wayar da kanta ke fitar da sabbin lambobi shida duk daƙiƙa 30, ba ta buƙatar sim, ba ta buƙatar intanet. Sharaɗinta ɗaya, agogon wayar ya zama daidai. In ka ga tana ta ba da kod ana ƙi, duba agogo kafin ka zargi kowa. Dama SMS ɗin ba ganuwa ba ne: a 2017 ɓarayi sun karkatar da saƙonnin banki na wasu masu layi a Jamus suka kwashe musu kuɗi, a 2019 kuma aka shiga asusun Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, ta hanyar sace lambarsa.

WhatsApp dai sai da lamba, amma yana da ƙofofi uku da mutane ke wucewa ba su kula ba. Shiga Paramètres, sai Compte. A nan za ka sa imel da za a iya aiko maka kod ta cikinsa in SMS ya ƙi. A nan za ka kunna Vérification en deux étapes, wato lambar sirri shida da kai ka zaɓa, wadda ke tsayar da duk wanda ya samu kod ɗinka ta yaudara, irin masu rubuto maka cewa sun tura maka lambobi bisa kuskure ka taimaka ka mayar musu. A nan kuma akwai Changer de numéro. Wannan shi ne abin da mutumin Ajame ya rasa. Da ya yi amfani da shi tun tsohuwar wayar na hannunsa, da rukunoninsa da komai sun koma kan lambarsa ta Kodebuwa, domin sabuwar lamba kaɗai ake aika wa kod. Ana yin sa ne kafin a rabu da tsohuwar waya, ba bayan an sayar da ita ba. Wanda ya bar lamba ta mutu kuwa ya sani cewa in asusu ya yi kwana 45 ba a taɓa shi ba, sannan wani ya kunna lambar a wata waya, WhatsApp na ɗaukar sabon mutum ne, ya goge bayanan tsohon.

Akwai waɗanda ba a ba su damar shirya komai. Mutanen da ake korowa daga Aljeriya ana sauke su ne a hamada, su taka kusan kilomita 15 zuwa Assamaka, kuma ƙungiyoyi irin su Médecins Sans Frontières da Alarme Phone Sahara sun sha ruwaito cewa da yawansu na isowa an karɓe musu wayoyi. Babu waya, babu sim, babu manhajar kod. Abin da ke iya saura shi ne takarda. Google na ba da lambobin ajiya guda goma, kowace mai lamba takwas, kowace tana buɗe asusu sau ɗaya ba tare da waya ba. Facebook ma na ba da nasa goma. Ana samunsu a sashen tsaro na asusun, a kwafe su da biro, a rubuta adireshin imel ɗin a sama amma ban da kalmar sirri, a naɗe a bar wa mahaifiya ko matar gida tare da takardar haihuwa. Wanda ya iso Agadas hannu biyu zai ari waya ya kira gida, a karanto masa layi ɗaya, ya shiga Gmail ɗinsa, inda lambobin mutanensa suke in ya saba ajiye su a can. In an yi amfani da ɗaya sai a ja mata layi, saura tara.